Muryar Babur Ɗin Malam Habu

Ban san ana tambayar babur asalinsa kamar mai neman aure ba sai da na fita ƙasar waje. A Birnin Kudu, in ka taka shi ya tashi, ya kai ka ya dawo da kai, to babur ne, ba mai tambayar uwarsa da ubansa.

Ni ɗan Sundimina ne, sunana Sule. Na koyi gyaran babur a wajen Malam Habu, mutumin Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, wanda rumfarsa take bakin titin Kano zuwa Maiduguri. Shekarun da kuɗin mai ya shigo ne, kowane malamin makaranta da akawu ya yi babur, rabinsu kuma ba su iya hawa ba. Gawarwakin babura suka taru a bayan rumfarmu, Malam kuwa ba ya zubar da ko kusa. A cikinsu ya haɗa nasa: gangar jiki ta wani malamin gona, inji na wani mai duba gari, tanki kuwa Allah kaɗai ya san mai shi. Mutane suka sa masa suna Gambiza.

A wajenmu in silindar inji ta cinye ba a yar da ita. Kano ake kai ta a yi mata borin, wato a ɗan faɗaɗa cikinta, a sa fistin da ya fi na da kauri. Ta Gambiza ta sha borin ba sau ɗaya ba, kuma Malam ya bi ƙofofin cikinta da magagari har sai da suka yi masa yadda yake so. Salansa kuwa, wato bututun hayaƙi, da hannunsa ya lanƙwasa ta daga falankin ƙarfe, mai tumbi kamar gora. Ita ta ba babur ɗin muryarsa. Yakan fara da gurnani, in ya ɗauki wuta sai ya koma wata siririyar ƙara mai shiga haƙori. Ina barin Birnin Kudu a kansa, kafin in shiga Gwaram masu shayi sun san ni ne tafe.

A lokacin idon Malam ya fara tafiya, yana ta rufewa, da kunne da yatsu yake aiki. Da wani direban motar goro ya kawo labarin ana tseren babura a kan titi a Lome, har da rukunin ƙananan injuna irin namu, Malam ya kasa kunne har ƙarshe. Daga baya ya ce, “Ni ko a ƙofar rumfar nan aka yi ba zan gani ba. Kai shi ya gudu cikin ’yan’uwansa, Sule, ka dawo ka gaya mini yadda ya yi.” Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan, ba kofi ba, ba suna ba.

Har Legas a bayan motar albasa muka je, ni da Gambiza, na sauka ina wari kamar miya. Daga nan na hau shi. A iyakar Dahome aka fara yi mini tambayar asali. Wani ma’aikacin iyaka ya duba lambar inji, ya duba ta gangar jiki, ya ga ba su san juna ba, ya ce na sata ne. Na ce in ɓarawo ne ya haɗa wannan, ai ya cancanci a bar masa. Bakina ya ja mini zaman rana har la’asar. A ƙarshe wani mai igiya a kafaɗa ya ce sai ya ɗana. Ya hau, ya murɗa kamar yana kan babur ɗin akawu, Gambiza ya ɗaga kai ya zubar da shi a cikin kwata. Na riƙe dariyata da ƙyar. Madubi ya fashe, amma kunya ta sa ya kore ni in wuce.

A Kwatano zazzaɓi ya kwantar da ni a barandar wani masallaci. Ruwa ba ya ɗaukewa, abincinsu duk manja da kifi, ni kuwa ba abin da raina yake so sai furar da matan Fulani suke kawowa kasuwarmu, mai tsamin nan da ke sa mutum ya runtse ido. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba. Wani ladani da ba ya jin Hausa ya riƙa kawo mini ruwan zafi da wani ganye mai ɗaci, ya kuma lulluɓe Gambiza da tabarmarsa don kada ruwa ya shiga inji. Har na bar garin ban san sunansa ba.

A Zangon Lome aka nuna mini gidan wata tsohuwa mai sayar da abinci, Inna Hassu. Da ta ji inda na fito sai ta ajiye ludayi. Ita ’yar Maruta ce, can wajenmu, aure ya kawo ta tun kafin a ba mu mulkin kai, mijin ya rasu, ita kuma ba ta koma ba. Ta tambaye ni tsamiyar bakin kasuwarsu ko tana nan, ta tambaye ni mutanen da suka mutu kafin a haife ni. Ta ba ni zaure, ta tuƙa mini tuwo da miyar kuka, ta zauna tana kallona ina ci.

A Zangon na haɗu da Baballe. Haifaffen can ne, yana jin Hausa da Faransanci da yaren garin, kuma ba ya rabuwa da wurin masu babura. Ya zagaya Gambiza, ya ce in tayar. Da ya ji muryar sai idonsa ya yi wani haske. Ya ce, “Ɗan’uwa, ka zo da abu. Ka bar mini maganar masu shirya tseren nan, ni ne bakinka.” Na tambayi Inna Hassu a kansa, ta ce, “Baballe? Na san uwarsa, mutuniyar kirki ce.” Daga haka ba ta ƙara ba. Ni kuma, da kan jaki irin nawa na lokacin, na ɗauka yabo ne.

Kafin tsere akwai ranar gwaji. A wani fili kusa da teku aka kafa rumfa, kowa ya jero babur ɗinsa. Mai gwajin wani siririn mutum ne baƙi mai tabarau, ba ya dariya, ba ya kuma ɗaga murya. A gabana ya kori wani mutumin Gana saboda tayarsa ta suɗe, mutumin ya yi ta kumfar baki, shi kuwa ko kallonsa bai yi ba. Duk babur ɗin da ya wuce, sai a zura waya ta kusoshin kan inji a matse ta da ɗan dunƙulen darma mai hatimi, don kada a buɗe inji bayan gwaji.

Na lura da abu ɗaya. Akwai wani saurayi, ɗan wani babban attajirin garin, mai lamba bakwai, wanda aka kawo masa babur a cikin mota. Shi bai shiga layi ba. Shugaban masu shirya tseren, wani mai tumbi da farar hula, ya ce nasa za a duba daga baya, a gida. Injinsa irin namu ne sak, sai dai sabo.

Da aka zo kaina, mai tabarau ya tsaya yana kallon Gambiza kamar likita ya ga cutar da ba ta cikin littafi. Ya yi tambaya, Baballe ya fassara: “Wai wane irin babur ne wannan?”

Na ce, “Na Malam Habu ne.”

“Ba mai shi yake tambaya ba. Wane ƙira ne, wace shekara?”

Gambiza kuwa ya haɗa shekaru da yawa a jikinsa. Mutumin ya ƙwanƙwasa salansa da ɗan yatsa ya girgiza kai. Ya sa na kwance kan inji, ya zura wani ƙarfen awo a cikin silinda, ya duba, ya sake aunawa. Rukunin namu na inji mai awon ciki ɗari da ashirin da biyar ne, kuma sai yadda kamfani ya ƙera shi. Namu ya haura.

Raina ya ɓaci. Na ce, “Gaya masa ba ƙari muka yi ba, gyara ne. Ta cinye aka yi mata borin. In rigarka ta yage ka yi mata faci, ta zama rigar wani?”

Mai tabarau ya saurara har ƙarshe, ya amsa a hankali. Baballe ya ce, “Wai ya yarda gyara ne. Amma ƙarfen awo bai san niyya ba, faɗi kawai ya sani. In ya bar ka, ya zalunci duk wanda yake layin nan.”

Na ce to a sa ni cikin manyan babura, in sun cinye ni sun cinye ni. Aka ce su ma sai ƙirar kamfani, Gambiza kuwa ba kamfanin da zai amsa shi. Na yi faɗa, na yi magiya, na ambaci nisan da na taho. Mutane suka taru suna dariya, wani ya kira babur ɗin da wani suna da ya sa aka ƙara fashewa. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne can ƙasan zuciyata na san awon mutumin daidai ne.

Baballe ya ja ni gefe. Ya ce akwai mafita. Yana da abokin da zai ara mini silinda da fistin da salansa na kamfani, in ɗaura, a sa mini darma, in yi tsere. Kayan Malam kuma ya ajiye mini a garejin abokin, bayan tsere in mayar da abina. Mai tabarau ya ce in dai inji ya dawo daidai, zai kau da kai ga maganar tanki da gangar jiki.

Na kai maganar gaban Inna Hassu. Ta ce, “Ɗan nan, me aka aiko ka yi?”

Na ce, “In kai shi ya gudu.”

“To in ka cire masa wannan ka cire masa wancan, wa zai gudu?”

Na ce ai gara rabi da babu, ba zan koma in ce wa Malam ko layi ba mu hau ba. Ta ce, “Allah ya sa alheri. Amma kayan, ka kawo su nan ƙarƙashin gadona.” Na yi niyyar haka. Sai dai a garejin aka ce abin aro sai da abin riƙo, kayan Malam su ne jingina. Ban ga yadda zan yi ba, na bari.

Da hannuna na kwance su. Ina sassauta kusoshin salansa ina jin kamar haƙoran Malam nake cirewa. Na naɗe su a buhu, na ɗaure bakin da igiya, na miƙa. Da na ɗaura na aro na taka, babur ya tashi lafiya lau, da muryar kowane babur ɗin akawu mai zuwa ofis. Mai tabarau ya auna, ya gyaɗa kai, ya matse darma.

Ranar tsere aka rufe titin bakin teku da wasu tituna na cikin gari, aka jera buhunan yashi a kwanoni, jama’a ta cika gefe da gefe. Inna Hassu ta kafa tukunyarta kusa da rumfar alƙalai, domin ranar ciniki ce. Ni aka sa ni can baya. Da aka tayar da injuna gaba ɗaya, a cikin hayaniyar na ji kamar wani gurnani da na sani daga sahun gaba. Na ce wa kaina kewar gida ce take yi mini wasa da kunne.

Aka saki tuta, muka ɗiba. Na yi iya yina, na rantse. Na kwanta a kan tanki, na shiga kwanoni har gwiwata tana shafar ƙasa, na wuce mutum biyu ko uku da suka fi ni tsoro. Amma a miƙaƙƙen titi ina murɗawa har ƙarshe, babur ɗin sai ya ba ni abin da kamfani ya ce ya bayar, ya tsaya a nan. Na gaba suka yi mini nisa har na daina ganinsu.

Ana cikin zagaye, a kan titin bakin teku, na ji ta a bayana. Gurnani, sannan siririyar ƙaran nan mai shiga haƙori. Muryar da na saba ji a tsakanin ƙafafuna ce, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, yau ga ta tana tahowa daga baya. Lamba bakwai ya zo ya wuce ni kamar ina tsaye, ya riga ya ba ni zagaye guda cur. A gefen babur ɗinsa ga salansa mai tumbin gora, an shafe ta da baƙin fenti.

Hannuna ya saki mai da kansa. Ban san yadda na ƙarasa ba, na dai san waɗanda suka zo bayana ba su da yawa. Lamba bakwai shi ya zo na ɗaya.

Ko jingine babur ban yi da kyau ba na kutsa cikin masu tafi. Na durƙusa na shafa salansar, da zafinta, har ta ƙona mini yatsu. Ga ɗinkin waldar Malam nan a ƙarƙashin fentin, da ɗan ƙullutun da ya bari a wuyanta ranar da idonsa ya hana shi ganin bakin wuta. Na miƙe na ce tawa ce, da silindar da ke ciki, a buɗe a auna. Ina faɗa da Hausa, ba mai ji. Na waiga neman bakina, sai ga Baballe a bayan saurayin yana riƙe masa hular kwano. Ya faɗa wa mutane wata magana, aka yi dariya, ’yan sanda biyu suka riƙe ni, ɗaya ya ɗauke ni da mari.

Inna Hassu ce ta ratso da zaninta mai warin hayaƙi. Ta yi wa ’yan sandan magana da yaren garin, irin maganar da uwa take yi wa yaran da ta ga tsiraicinsu, suka sake ni. Ta ja ni har gaban mai tabarau ta ce, “Faɗi, ni zan gaya masa.”

Na faɗa duka. Ya saurara, ya je ya tsaya a kan babur ɗin lamba bakwai, ya daɗe yana kallon salansar da shi da kansa ya ƙi ta a jikin nawa. Ya ɗauko ƙarfen awonsa ya nufi shugaba mai farar hula. Ban ji abin da suka ce ba, amma na ga shugaban ya nuna darmar da ke kan injin, lafiyarta ƙalau, ya nuna agogonsa, ya juya baya. Mai tabarau ya dawo yana mayar da ƙarfen cikin kubensa. Ya yi magana, Inna Hassu ta fassara mini.

“Wai lokacin ƙorafi ya wuce, kuma darma ba ta karye ba, doka ba ta ba shi ikon buɗewa ba sai da izinin wancan. Ya ce ba shi ya matse wannan darmar ba. Ya ce naka ya auna, kuma bai yi maka ƙarya ba. Wancan ba a ba shi ya auna ba.”

Na ce, “Shi ke nan?”

Ta ce, “Shi ke nan, ɗan nan. Ya ce ka yi haƙuri, shi ma yau kunya yake ji.”

Garejin da na bar buhuna suka ce ba su taɓa ganina ba, kayan da ke jikin babur ɗina kuma nawa ne, in tafi da su. Baballe aka ce ya tsallaka Gana. Na yi niyyar zuwa gidan attajirin, Inna Hassu ta zauna a bakin zaure ta ce sai dai in tsallake ta. Ta ce, “Kai baƙo ne. In suka rufe ka, wa zai kai wa tsohon nan labari?” Ranar da zan taho ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da garin rogo, ta ce in na bi ta Maruta in gai da tsamiya.

Duk tsawon hanya ina shirya abin da zan faɗa. Na shirya ƙarya iri-iri, kowacce in na gwada ta a bakina sai ta ƙi zama. Ashe ma wahalar banza nake yi. Da hantsi na shigo Birnin Kudu, na gangara gaban rumfa. Malam yana zaune a kan bencinsa da kafireton wani babur a hannu, idon ya ƙarasa rufewa. Ban kai ga yin sallama ba ya ce, “Mai babur, in gyara ne ka ɗan jira, yarona ya yi tafiya.”

Na ce, “Malam, ni ne.”

Ya ajiye kafireton. Ya karkata kai yana sauraren injin da ke aiki a ƙarƙashina. Ya ce, “Kai ne, na ji. Shi kuma ina ka baro shi?”

Na sauka na durƙusa a gabansa na ba shi labari tun daga ƙarfen awo har zuwa mari, ban rage komai ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, “Mai awon nan ya yi gaskiya, ta haura. Ni ban san ana aunawa ba.” Sannan ya ce, “Wanda ya ɗaura su, na nawa ya zo?”

“Na ɗaya, Malam.”

“Da nisa?”

“Da nisa. Ni kaina zagaye guda ya ba ni.”

Na ga gefen bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi. Ya ce, “An tambayi wanda ya yi aikin?”

Na so in ce e in tsaya a nan. Na ce, “An tambaya. Yaron ya ce daga Turai ubansa ya sa aka kawo masa.”

Malam ya laluba ya ɗauki kafiretonsa, ya juya shi a hannu, bai sa masa sukudireba ba. Babur ɗin yana nan a bakin titi inda na bar shi, yana ta aiki da muryar kamfani.

Ya ce, “Je ka kashe shi, Sule. Yana damun kunnena.”